Yadda Uwaisu Mai Doka Ya Manta Ƙirga

Duk wanda ya zauna a layinmu na Gwagwarwa a shekarun 1970 ya san Malam Uwaisu. In bai san fuskarsa ba, to ya san ƙarar takalminsa, wani fari mai ƙusoshi a ƙasa da yake takawa ƙwaras-ƙwaras daga ƙofar gida har bakin titi duk ranar Asabar da safe, ga doguwar jakar fata a kafaɗa, sanduna sun leƙo ta sama sai ka ce mai tallan muciya. Mai Doka ake ce masa a unguwa. Don tsiya aka sa masa, amma da sunan ya kai kunnensa sai ya ɗauka sarauta aka naɗa shi, har ya fara amsawa.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Ya yi firamare har aji bakwai, kuma bai taɓa bari wani ya manta da hakan ba. Ana gama yaƙin basasa ya shigo Kano da riga ɗaya da takardar makaranta naɗe a tsumma, ya sami aikin lebura a wani kamfanin kwanuka a Bompai, inda ake buga samira da faranti masu zanen fure. Ƙarfi dai ba shi da shi, hannunsa kuma bai iya komai ba. Amma Allah ya hore masa baiwa ɗaya: ba ya manta laifin wani. Wanda ya makara da minti uku, wanda ya daɗe a bayan gida, wanda ya yi gyangyaɗi a gindin inji, duk suna kansa, da ranar da lokacin. Shekara uku ba ta cika ba aka ba shi helman leburori, ya koma tsayawa da hannu a baya yana kallon masu gumi.

Injiniyan kamfanin wani Bature ne, Mista Kolin, mai wani babur, Basfa shuɗiya, da Uwaisu ya ɗora wa ido. Shekara biyu yana wanke ta duk Juma'a, ba wanda ya sa shi. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu sai ya miƙa wa kukunsa makullin Basfa, ya juyo ya rungume Uwaisu, ya ce shi ya tanadar masa abin da ya fi wannan daraja. Jakar sandunan golf ce, da takalmi, da wani ɗan littafi mai koren bango na dokokin wasan. Ya kuma tsaya masa aka rubuta sunansa a kulob ɗin da manyan kamfanoni ke zuwa. Ranar a motar haya kiya-kiya Uwaisu ya dawo gida, jaka ta tokare wa mutum uku wuya, kwandasta na yi masa mita har Gwagwarwa. Kuku kuwa ya wuce su a hanya yana ta danna musu oda.

Wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Manya ne masu hankali, masu 'ya'ya da jikoki, za su sami filin da in gero aka shuka zai ci da unguwa guda, su haƙa ramuka goma sha takwas, kowanne bai fi bakin kofin shayi ba, su ɗauko ƙwallo kamar ƙwan zabo, su dinga bugunsa da sanda suna binsa a rana har ya faɗa rami. Kowane bugu a ƙirga yake. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A namu filin ko ciyawar kirki babu a bakin ramin, yashi ake kwaɓawa da baƙin man inji a daddaɓe shi sumul. Gwani yakan gama duka ramukan da bugu saba'in da 'yan kai. Uwaisu, ranar da ya tashi da sa'a, ɗari da goma.

Da ya ga hannu ya ƙi, sai ya koma wa littafi. Ya haddace shi daga bango zuwa bango, har da lambar kowace doka. Da safe yakan zauna a teburin Ado mai shayi yana yi wa mutanen da ko hanyar kulob ba su sani ba karatu.

"Sanda goma sha huɗu, ba ƙari. Ƙwallo in ya ɓata minti biyar za ka nema, in sun wuce ya ɓata ke nan, ko da daga baya ka gan shi da idonka. Inda ya faɗi nan za ka buga shi, ko a kan kashin shanu ne. In ka kai bugu ka sami iska, an ƙirga. In ka tambayi abokin karawarka wace sanda zan ɗauka, tarar bugu biyu. In ya amsa, shi ma biyu."

Ado ya ce, "To Malam, in akuya ta haɗiye ƙwallon fa?"

"Akwai dokarsa," in ji Uwaisu. Ya lashi yatsa ya fara buɗe shafi, bai ko lura bencin duka yana girgiza da dariya ba.

Matarsa Safara'u ma ba ta tsira ba. Yakan tsaya ƙiƙam a tsakar gida ya saki ƙwallo ta bayan kafaɗa, wai yana koyon yadda doka ta ce a sake shi in ya faɗa ruwa. Rannan ya sake shi cikin tukunyar miya, kuka ta fantsama har bango. Safara'u ta dube shi ta dubi tukunya, ta ce ya duba littafin nasa ya ga abin da ya ce za su ci yau.

A kulob kuwa gudunsa ake yi. Ba ya kallon ƙwallonsa, na mutane yake kallo. Abin da ya fi yin suna da shi a gasar 1977 ne, wadda ake yi shekara-shekara tsakanin masana'antun Sharada da Challawa da Bompai. Wani Balarabe, Kwara, mai suna Najib, manajan wata masaƙa a Sharada, haifaffen Fagge mai Hausa kamar ta 'yan kasuwar Kwari, ya gama wasa yana kan gaba da bugu uku. Yana shirin sa hannu a katinsa, Uwaisu ya ɗaga hannu daga can nesa ya ce sandunan da ke jakarsa goma sha biyar ne. Aka ƙirga, sha biyar cif. Wata tsohuwar sanda ce ta ɗansa da aka manta a ciki, ko taɓa ta bai yi ba. Tarar bugu huɗu. Kofi ya tafi Challawa. Najib ya tako ya kama hannun Uwaisu ya girgiza, ya ce, "Malam, Allah ya bar mu tare." Uwaisu ya dawo unguwa ya yi wata guda yana ba da labari, har da wannan addu'ar, wai ko Kwaran ma ya yaba.

Shekara na zagayowa aka ce kulob zai naɗa ɗan ƙasa alƙalin gasa, karo na farko. Alƙalin gasa shi ke yanke hukunci in gardama ta tashi a fili. Yana da kwat shuɗiya mai tambari a aljihu, da kujera a kwamiti, sunansa kuma a rubuce da ruwan zinari a allon bango. Shugaban kwamitin, wani Ba'indiye Mista Menon, ya kira Uwaisu ya ce ba su ga wanda ya fi shi sanin doka ba. Sharaɗi ɗaya ne: ya shiga gasar bana, ya buga har ƙarshe, ya miƙa kati mai tsabta, ranar a sanar da naɗinsa. Ba sai ya ci ba. Uwaisu bai jira ba, ya wuce Sabon Gari tela ya auna shi. Daga ranar ya daina amsa gaisuwar masu keke, ko da yake shi ma keken yake hawa.

To a nan Alhaji Baffa ya shigo. Alhaji Baffa mahaifin Safara'u ne, wato surukin Uwaisu, dillalin fata daga cikin birni, mutum mai jiki da murya, wanda ya shekara talatin yana murza ƙirgi da yatsa ya faɗi daga wane gari saniyar ta fito. Da gwamnati ta yi dokar nan ta cewa sai kamfanonin baƙi sun sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, ya wayi gari darakta a wata majema a Challawa. Wani ya ce masa daraktoci golf suke bugawa. Ya aika Ikko aka sayo sanduna, ya je fili sau uku, ya ce ai wannan ko langa ta fi ta wuya, a rubuta sunansa a gasa.

Sai kuma ku san irin kunyar da Uwaisu ke ji ta wannan bawan Allah. Shekara shida da aure bai taɓa haɗa ido da shi ba. Bai taɓa kama sunansa ba, ko wani Baffan ya gamu da shi sai dai ya ce mai sunan Baba. In ya hango marsandin Alhaji zai sauka daga keke ya cire takalmi ya tsuguna, sau da yawa ma direba kaɗai ne a ciki. Ba ya ci a gabansa, ba ya sha.

Ranar Alhamis aka kafe sunaye. Mutum uku-uku ake tafiya, kuma a gasa ba mai rubuta wa kansa. Kowa katin wani yake riƙewa, ya ƙirga masa bugu, ya rubuta, ya sa hannu, mai katin ma ya sa. Rukuni na biyar: Uwaisu, Najib, Alhaji Baffa. Najib zai riƙe katin Uwaisu, Uwaisu kuwa na Alhaji. An ce ƙuri'a aka jefa. An kuma ce Najib ne ya riƙe hular da aka zuba sunayen.

Uwaisu ya shigo gida da la'asar ya zauna a kan turmi, hula a gwiwa.

Safara'u ta ce, "Lafiya? Ko an sake doka ba a gaya maka ba?"

Ya gaya mata. Ta jingine tsintsiya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai za ka ƙirga wa Baba? Kai da in ya yi tari a zaure kake neman katangar da za ka haura?"

"Doka ba ta san suruki ba."

"Ita ba ta san shi ba, kai ka san shi. Malam, ka ji shawara, ka kwanta ka ce zazzaɓi. In dafa maka darbejiya, in aika a ce jiki ya ƙi."

"In ban buga ba babu kwat."

"To ka gaya masa gaskiya. In ya buga goma ka ce goma. Baba ba ya cin mutum."

"Ke ba ki san golf ba."

"Na dai san Baba, na kuma san ka."

Suna cikin haka aka yi sallama. Sule ne direban Alhaji, wani dattijo mai furfura a gemu, ya kawo saƙo. Wai Alhaji ya ce ya ji daɗi ƙwarai da ɗansa ne zai riƙe masa takarda, don na gida ya fi bare.

Asabar rana ta fara cizo tun ƙarfe takwas. Alhaji ya sauko daga mota da babbar riga ruwan toka, ya naɗe hannayenta a kafaɗa, Sule na biye da jaka. Uwaisu ya kwance takalmin ƙusa, igiya da igiya, ya tsuguna da safa a kan ƙaya ya kwashi gaisuwa.

"Tashi, tashi, ɗana. Yau za mu nuna wa Turawa."

"Allah ya ƙara girma, Baba."

Najib na gefe da carbi ruwan zuma a hannu, yana murmushi.

Alhaji ya gyara tsayuwa ya kai bugu. Fuu, iska. Ya sake, fuu. Na uku ya tono ƙasa ta bule Sule. Na huɗu ƙwallo ya gangara taku goma ya kwanta a gindin wata ƙaya. Alhaji ya je ya sa ƙafa ya turo shi fili, yana cewa, "Wa ya aike ka can?" Uwaisu kansa na ƙasa yana kallon bakin takalminsa, amma kunne ya ji duka, kuma kan nan da ba ya manta laifi yana ta aikinsa shi kaɗai. Kafin ƙwallo ya shiga ramin farko ya ƙirga goma sha biyu, ban da hukuncin tura shi da ƙafa.

Alhaji ya share gumi ya ce, "Nawa na yi, ɗana?"

Sha biyu na nan a bakin Uwaisu, ya haɗiye ta. Ta yaya mutum zai tsaya gaban wanda ya ba shi 'ya, ga Kwara, ga direba, ya ce masa sha biyu? Ga kuma wata. Doka ta ce wanda ya yi ƙarancin bugu a rami shi ke riga bugawa a na gaba. Shi ya yi shida. In ya rubuta gaskiya, sai ya shiga gaban Alhaji ya juya masa baya ya turo masa ƙugu, dattijo na tsaye yana jiran layi.

"Baba, ai kun yi ƙoƙari."

"Na san na yi ƙoƙari. Nawa?"

"Huɗu, Baba."

"Huɗu? Ni na ɗauka ya fi haka."

"Sauran ai gwaji ne, Baba."

"Ashe ba a ƙirga gwaji. Madalla. Ka ga amfanin ilimi, Sule."

Najib ya ja carbinsa ƙwaya goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, a hankali yadda Uwaisu zai ji ƙas-ƙas ɗinsu, sannan ya ciro kwalin taba ya yi ɗan rubutu a bayansa.

Uwaisu ya lallashi kansa da cewa rami ɗaya ne, zai rarraba takwas ɗin da ya rage a ramukan gaba ba wanda ya sani. Ina! A rami na biyu Alhaji ya yi goma, ya tambaya, aka ce huɗu. Daga na uku ya daina tambaya. Ya riga ya gane kan wasan: duk bugun da bai yi masa daɗi ba gwaji ne. Yana ciro ƙwallo daga rami sai ya ce, "Rubuta uku," Uwaisu ya ce, "To, Baba."

A rami na biyar ƙwallo ya faɗa kwata. Sule ya naɗe wando ya shiga ya lalubo shi, ya goge da bakin riga, ya je ya zaɓa masa wuri mai kyau taku ashirin gaba. A na bakwai ya faɗa kwarin yashi, inda doka ta hana ko kan sanda ya taɓa ƙasa kafin bugu. Alhaji ya tsuguna ya tara yashi da hannu biyu ya yi masa tudu kamar mai kunyar dankali, ya ɗora shi a kai. Mai Doka ya juya yana nazarin wata bishiyar maina.

Sai ga ta sanda ta zo.

"Ɗana, wacce zan ɗauka a nan?"

"Duk wadda ta yi muku, Baba."

"Ina tambayarka kana yi min zancen 'yan siyasa. Wacce?"

Uwaisu ya yi ƙasa da murya kamar mai raɗa wa ƙasa. "Mai lamba bakwai, Baba."

Najib ya matso da katin Uwaisu a hannu. "Malam, in rubuta maka biyun, ko ka fi so ka faɗa da bakinka? Kai ne malaminmu."

"Rubuta."

"Na gode. Doka ta nawa ce ma? Na manta."

Uwaisu ya saɓi jakarsa ya yi gaba. A rami na goma ƙwallon Alhaji ya shige ciyawa, aka yi ta nema har rukunin baya suka iso suka tsaya. Uwaisu ya ga minti biyar ta wuce, ya ga goma, ya cusa hannun agogon a aljihu. Ga ƙishi. Sule ya buɗe gorar ruwa Alhaji ya sha, Najib ya sha, aka miƙo masa ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, leɓensa kuwa sun yi fari fat.

Bayan rami na sha huɗu Alhaji ya ce zai kewaya, ya ɗauki buta ya nufi bayan wasu bishiyoyi. Najib ya zo ya tsaya kusa da Uwaisu, wannan karon ba murmushi.

"Malam, ba ka sa hannu ba tukuna. Ga kwalin taba, duk suna nan, rami da rami. Goge ka rubuta gaskiya, ni ban ga komai ba. Na ɗanɗana abin da nake so in ɗanɗana, ya ishe ni."

Ya miƙa masa kwalin da ɗan abin goge fensir. Uwaisu ya karɓa. Kwat ta dawo masa a ido, shuɗiya, da tambarinta. Ya ɗora abin gogewa a kan huɗun farko, har ya goge rabinta, sai ya ji hannu mai nauyi a kafaɗarsa.

"Me ake yi? Kawo in gani." Alhaji ya karɓi katin ya riƙe shi nesa da ido, ko da yake lambar boko ba ta dame shi ba. "Ya muke ciki?"

"Kuna kan gaba, Baba."

"Gaba da Kwara?"

"Gaba da kowa, Baba."

Muryar Alhaji ta sauya. "Wallahi ɗana, tun da na ba ka yarinyar nan ban taɓa jin daɗinka irin na yau ba. Da ina cewa kai wani irin mutum ne mai sanyin jiki. Ashe ban san ka ba."

Uwaisu ya tsuguna ya ce, "Allah ya ƙara girma." Da ya miƙe ya mayar wa Najib kwalinsa, ya sake zana huɗun da ya goge, ya danna fensir sosai.

Aka gama da azahar. Katin Alhaji ya tashi hamsin da takwas. Alhaji ya sa hannu da ajami, wani dogon sa hannu da ya cinye rabin katin. Uwaisu ya sa nasa ƙanƙane a lungu.

A barandar kulob Mista Menon ya karɓi kati ya duba, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Tun da aka haƙa ramukan nan ba a taɓa jin wanda ya sauka ƙasa da sittin da takwas ba. Labari ya zagaya, Turawa suka taso da kofunansu a hannu suna leƙe. Alhaji ya ce Sule ya je ya gyara bayan mota a sami wurin kofi. Sannan Najib ya ajiye kwalin taba a kan tebur. Ɗari da sittin da ɗaya, ban da hukunci.

Menon ya yi magana da Turanci, Alhaji ya ce, "Me yake cewa?"

Najib ya ce, "Cewa yake lissafin bai yi ba, Alhaji. Ko dai ku kuka faɗi abin da ba haka ba, ko mai rubutu ne."

"Ni? Ƙarya? Da gemuna? Ɗana, gaya musu!"

Menon dai yana son Uwaisu, don ba shi da wani mai sanin dokar. Sai ya buɗe masa ƙofa. Ya ce ya san al'adar ƙasar nan da girmama manya. In Alhaji ne ya dinga faɗin lamba shi kuma yana rubutawa, ya faɗa kawai, a cire Alhaji shi kaɗai, maganar naɗi tana nan yadda take. Kuma daga rami na uku ai haka aka yi. Kalma ɗaya ce, e. Uwaisu ya dubi allon bango inda aka bar wurin sunansa, ya dubi ƙafafun Alhaji, don iyakar inda idonsa ke kaiwa ke nan.

"Ba su ba ne. Ni ne."

"Kai ne me?" in ji Menon.

"Ban iya ƙirga ba."

Menon ya ce ya sake faɗa.

"Ƙirga, ranka ya daɗe. In ta wuce huɗu rikice min take yi."

Najib ya ce, "Kai da ka ƙirga sanda goma sha biyar daga taku arba'in?"

"Ranar dace na yi."

Wani Bature ya ƙware da abin da yake sha. Masu ɗaukar jaka da ke zaune a inuwa, waɗanda Uwaisu ya sha kai ƙararsu, suka kwanta a ƙasa suna dukan yashi. Menon ya buɗe littafi zai nemi hukunci, bai san shafin ba, yana ta juyawa. Uwaisu na tsaye leɓensa na motsi, lambar dokar na bakinsa, ba damar faɗa. Da ƙyar aka samo: wanda ya sa hannu a kan bugun da bai kai abin da ya yi ba an cire shi, ko da sani ko ba sani. Aka cire Alhaji. Aka cire mai rubutu. Alƙalancin kuma a ranar aka ba wani likitan haƙori daga Nassarawa, wanda bai san sanda nawa ake ɗauka ba sai da ya tambaya.

A wajen ajiye motoci Alhaji ya tsaya da ƙafa ɗaya cikin marsandi.

"Aji bakwai! Aji bakwai ka ce min ka yi! Sule da ko ƙofar aji bai taɓa gani ba ya fi ka. Da ka rubuta daidai, ko sittin ne, ai da na ci. Ka sa na sha rana a banza, ka kunyata ni gaban Indiyawa."

"Ku yi haƙuri, Baba."

"Da ka san ba ka iya ba, me ya hana ka faɗa tun a gida?"

Mota ta tashi ta bar shi a tsugune, takalmi a hannu.

Bai ƙara komawa kulob ba. Ya ci gaba da helmancinsa har 1983, lokacin da kayan aiki suka daina shigowa, kamfanin ya sallami rabin ma'aikata har da shi. Leburorin da aka sallama tare da shi suka ce ko ba komai sun ga rana. Ya buɗe 'yar rumfar kwanuka a kasuwar Sabon Gari, kuma har ya tsufa in mai saye ya ce a ba shi faranti shida, sai maƙwabtan rumfa su taso wai za su taya shi ƙirga.

Alhaji ma bai sake riƙe sanda ba, ya ce ya gama da wasan, babu sauran abin koyo a ciki. Amma labarin bai bar bakinsa ba. Duk ɗaurin aure, duk suna, sai ya ba da shi, kuma lambar na raguwa da shekaru. Ranar sunan 'yar Uwaisu ta biyar, ana rabon goro a ƙofar gida, liman na zaune, rabin layi na zaune, Alhaji ya gyara riga ya fara.

"Hamsin da biyu na buga musu. Turawa suka tashi tsaye. Kofi har an ɗauko, sai aka tarar mai rubutun bai san lissafi ba. Ga shi nan, ba a bayansa nake faɗa ba. Ko ba haka aka yi ba, ɗana?"

Uwaisu na can tsugune wajen takalma, ya ce, "Haka ne, Baba."

"Ku ji shi," in ji Alhaji, yana ɓare goro. "Sai ka ce ya san nawa ne hamsin da biyu."